A goge tsofaffin takardun rumbu ko a bar su? Ku zo mu yi magana

Sakatare_Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa na. Jiya bayan azahar kawuna ya shigo gida da wata takarda a ninke cikin aljihun gaba, har ta yi laushi saboda zufa, wai fasfo zai yi don yana son tafiya Umara, ya ce ga yadda ake yi, ai yaranku ne suka rubuta. Na karɓa na duba, wallahi tamu ce, daga foldar Google Drive ɗin nan da muka buɗe tun 2017 muna zuba bayanai da Hausa saboda mutanen Zango a nan Ghana. A jiki an rubuta kuɗin fasfo sidi 100. Ɗari fa! Abin da tun Afrilun 2024 ya koma 500, bayan nan ma an sake taɓa kuɗin. Tsoho ya riga ya ƙulla lissafinsa a kan ɗari har ya yi wa Mma alkawarin atamfa da ragowar, ni aka bari da kunyar yi masa bayani.

Da dare na zauna na bi rumbun ɗaya bayan ɗaya, kaina har ciwo ya yi. Na fasfo kaɗai guda uku ne: "fasfo sabo", "fasfo sabo na ƙarshe", sai "fasfo sabo na ƙarshe GYARARRE", kuma ba ko ɗaya mai kwanan wata. Akwai wadda ke koya wa mutum yadda zai je ya bi layin karɓar TIN, wato lambar mai biyan haraji, alhali tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ce ta zama TIN ɗin mutum. Akwai wadda ta ce yankunan ƙasar nan goma ne, mu da muke da 16 tun 2019. Har lambar waya mai farawa da 051 na gani, wadda ta mutu tun 2010 kafin ma a haifi foldar, wani ne ya kwafo daga tsohon allo. Shawarata: duk abin da aka rubuta kafin 2023 a goge shi kawai mu huta. Me kuka gani?

MaiMomo_Alabar: Wa alaikumussalam. A goge wallahi, tun jiya ma ya kamata. Ni na fi kowa shan wahalar abin nan. Jadawalin E-Levy, harajin nan na tura kuɗi ta waya, da muka yi a watan Mayun 2022 lokacin yana kashi 1.5, an rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023 ba wanda ya gyara, an soke harajin gaba ɗaya a Afrilun 2025 ba wanda ya cire, har watan jiya wata baiwar Allah ta tsaya gaban kantata da hoton jadawalin a waya tana min lissafi wai nawa za a yanke mata in ta tura wa ɗanta kuɗi Tamale. Na ce Hajiya babu shi yanzu, ta ce to me ya sa yake nan a rubuce. Me zan ce mata? Kuma har yau takardar tana cewa Vodafone Cash alhali kamfanin ya canza suna, yaran da suka fara riƙe waya bana Telecel suka sani.

Abu_Suame: goge. dambu in ya yi yawa ba ya jin mai

Hajiya_Sawaba: Ku yara kun cika gaggawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni littafin adashen mahaifiyata Allah ya jiƙanta yana nan cikin akwatina, duk lissafin ciki da tsohon sidi ne na kafin 2007, wanda dubu goma ta koma sidi ɗaya. In ka ba yaron yanzu ya karanta zai ce miloniya ce. Ba wanda zai yi aiki da shi yau, amma shekara uku da rasuwarta wata ta zo tana cewa tana bin ta miliyan biyu, muka buɗe littafin nan muka ga ranar da aka biya da sa hannun shaida, magana ta mutu a wurin. Da na ce ya tsufa na ba mai ƙosai fa? Sakatare ɗana, ka cire su daga gaban mutane amma kar ka ƙona.

Sakatare_Aboabo: Hajiya na ji, Allah ya ƙara girma. Amma littafin mahaifiyarki yana cikin akwati a kulle, namu kuwa a bakin titi yake kowa na ɗiba.

Ɗan_Tech: Ni ina ganin shekara ba ita ce ma'auni ba. Takardar da Malam ya rubuta kan wankan gawa da yadda ake yanka likkafani ta 2018 ce, me ya canza a ciki? Ba komai. Amma jadawalin kuɗin mota daga Kumasi zuwa Ankara (Accra) ko na bara ne ya riga ya zama ƙarya. In aka bi maganar Sakatare za a zubar da mai kyau a bar ruɓaɓɓe don kawai shi sabo ne.

Abin da na gani a inda nake aiki, kowace takarda a samanta akwai abu uku: ranar da aka duba ta ƙarshe, sunan wanda ke da alhakinta, da ranar da za a sake dubawa. Mai ɗauke da kuɗi ko lambar waya ko wa'adi wata uku-uku, sauran shekara-shekara. Ranar ta wuce ba a duba ba, a ɗauke ta daga gaba ko da kuwa daidai take, don ba mai iya rantsuwa a kanta. Wadda aka sauke kuma ba a barin wurin wayam, ana barin layi ɗaya: wannan ta daina aiki ranar kaza, ga wadda ta maye gurbinta. Saboda linkin tsohuwar yana cikin wayoyin mutane, in suka danna suka ga babu komai za su koma ga hoton da suka ajiye ne, kun ga an koma gidan jiya.

Sannan ku sani in ka goge abu a Drive kwana 30 yake yi a kwandon shara, daga nan ya tafi kenan. Kuma wannan "sabo na ƙarshe gyararre" duk bai taso ba, Google Docs yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi wa takarda, fayil ɗaya ya isa, a riƙa gyara shi a wurin.

Abu_Suame: Ɗan Tech ka zo da turancinka. a wurin aikinku albashi ake biyan mai dubawa, mu nan wa zai biya? taron wata ma mutum bakwai ke zuwa, biyar don shayi

Ɗan_Tech: Yaya Abu to ai shi ya sa na ce a rage su. In mutum bakwai ne, a bar abin da mutum bakwai za su iya ɗauka. Takardar da aka yi cigiya ba wanda ya ce tawa ce, marainiya ce, a sauke ta.

Malam_Yalwa: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Abin ya tuna min da babin nasihi da mansuhi da muke karantarwa. A Suratul Baƙara akwai ayar da ta ambaci shekara guda ga matar da mijinta ya rasu, akwai kuma ta wata huɗu da kwana goma, mafi yawan malamai sun tafi a kan ta wata huɗu da kwana goma ce ake aiki da ita, amma ɗayar tana nan ana karanta ta, ba a cire ba. Sannan ku tuna mutanen Ƙuba, suna cikin sallar asuba suna fuskantar Baitul Muƙaddas mai shela ya zo ya ce an juya alƙibla, suka juya zuwa Ka'aba a cikin sallar. Hukunci ya riga ya canza, su labari ne bai iso musu ba sai da wani ya taka ya je. Ba ina haɗa takardar fasfo da Littafin Allah ba ne, a'uzu billahi, tsarin nake nuna muku. Laifinmu bai tsaya ga ajiye tsohuwa ba, mun canza ba mu aika mai shela ba.

Ummu_Khadija: Allah ya gafarta Malam, amma can akwai malamai irinku da ke gaya wa mutum wacce ta shafe wacce. Kawun Sakatare shi kaɗai ne da takardarsa a aljihu, ba tafsiri a gefe.

Malam_Yalwa: Gaskiyarki Malama. To a rubuta tafsirin a goshin takardar da jan rubutu.

Nas_Tafo: Ni dai ɓangaren lafiya nake roƙo, wannan kar a yi masa jan rubutu ko baƙi, a fitar da shi kwata-kwata. Kuɗin fasfo in ya yi kuskure asarar kuɗin mota ce da jin kunya, magani in ya yi kuskure sai dai a wanke mutum. Na taɓa buɗe wadda aka sa wa suna "zazzaɓi" na ga chloroquine a ciki, abin da ƙasar nan ta bari a matsayin maganin farko na maleriya tun wajen 2004, wani ne ya samo tsohuwar takardar asibiti ya fassara da kyakkyawar niyya. Na yi magana a lokacin aka ce za a duba. Yanzu na leƙa tana nan daram. Mutanenmu kuma kun san su, in abu yana rubuce da Hausa kuma daga hannun 'ya'yansu ya fito sun fi yarda da shi a kan abin da zan faɗa musu ina sanye da farin kaya. Na lafiya a bar guda biyu kawai, yadda ake sabunta inshorar lafiya ta *929# da alamomin da in an gani a ruga asibiti, su ni na ɗauka, a sa sunana.

Sakatare_Aboabo: Innalillahi, Anti Nas ban ma kai kan wannan ba. Na cire ta yanzun nan, wannan ba sai an yi shawara ba.

Baban_Sadiq: wai ma wa ya kawo E-Levy ɗin tun farko, ba ku ne kuka yi ta kare shi a nan ba? yanzu kowa ya zama waliyyi

MaiMomo_Alabar: Ni? Ni da cinikina ya faɗi warwas a watan da aka fara? Ka nemi wanda za ka laƙa wa.

Baban_Sadiq: ban kira suna ba, mai kaza a aljihu...

Admin_Asawase: Baban Sadiq, Mai Momo, siyasa ranar Asabar ake yi a benci wajen mai shayi, ba nan ba. A koma kan takardu.

Lauya_Ƙarami: Akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma ya fi kuɗin fasfo haɗari. Ku buɗe foldar da aka sa wa "rajista 2022". Lokacin da ake haɗa layin waya da Ghana Card mun taimaka wa tsofaffi, aka riƙa ɗaukar hoton katinsu gaba da baya ana zubawa a ciki, har yau suna nan, kuma duk mai linki yana iya gani. Fuska, lamba, ranar haihuwa, komai. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu don abin da aka karɓa, aikin nan kuwa ya ƙare tun da aka rufe layukan da ba su yi rajista ba a ƙarshen Mayun 2023. Ko ba doka ma amana ce. Hajiya ki yi haƙuri, wannan kam ba zuma ba ce, gogewa za a yi har cikin kwandon shara.

Hajiya_Sawaba: Nawa ma yana ciki ashe. Goge ɗana, goge da sauri, masu damfarar momo, kuɗin waya, ba barci suke ba.

Zulai_Nima: Gaisuwa daga Ankara. Mu ma mun sha wannan a ƙungiyarmu ta mata. Muka buɗe folda muka sa mata "tsohon ajiya" muka kwashe komai muka zuba, muka ce shi kenan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, don ba wanda ke bin folda-folda, kowa a wurin bincike yake rubuta "fasfo" sai duk su fito tsoho da sabo a jere, kuma mutum na farkon da ya gani yake dannawa. Sai da muka yi abu biyu, muka canza sunan kowace ta fara da TA DAINA AIKI da shekararta, sannan muka rufe foldar mutum uku kawai ke iya shiga. Mai son tsohuwa don wani dalili ya tambaya a ba shi. Cikin shekara guda sau biyu aka tambaya, ɗaya ma ɗaliba ce mai rubutun kammala karatu kan yadda Zango ta yi zaman kullen korona na 2020.

Hajiya_Sawaba: Yauwa Zulai, akwati da makulli kenan, abin da nake faɗa tun farko. Kuma takardar korona ɗin nan tamu kar wanda ya taɓa min ita, sati ukun nan da aka rufe Kumasi da Ankara a cikinta aka rubuta gidajen da aka kai wa shinkafa da waɗanda suka bayar, wasunsu sun rasu. Jikokinmu za su so su gani.

Lauya_Ƙarami: Hajiya sunayen waɗanda suka bayar a bari, na waɗanda aka kai wa a cire. Wani yanzu Allah ya buɗa masa, ba zai so a ga sunan gidansu a layin karɓar shinkafa ba.

Tsohon_Sakatare: Na yi shiru ne ina karantawa. Takardar fasfo ɗin da ake ta dariya ni na rubuta ta a 2019, kuma ranar da na rubuta ta daidai take harafi da harafi. Kwana uku na yi ina zirga-zirga da kuɗin motata ina tambaya don kar in rubuta abin da ban gani ba, mutum nawa suka yi fasfo da ita ba su ba ɗan tsakiya ko pesuwa ba? Yau an wayi gari ita ce abin kunya. Da na sauka na miƙa komai, ba wanda ya ce min ci gaba da dubawa, ba wanda kuma aka ɗora wa. Ba komai, ku goge, amma a daina magana kamar wanda ya rubuta ne ya yi ƙarya.

Sakatare_Aboabo: Yaya wallahi ba da kai nake ba, ka yafe ni in maganata ta yi kaifi. Ni na karɓa daga hannunka, shekara nawa ban buɗe ta ba, in akwai mai laifi ni ne. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Malam_Yalwa: Allah ya saka wa Tsohon Sakatare da alheri, ladansa na wanda ya amfana yana nan ba a goge shi.

Tsohon_Sakatare: Amin Malam. Ya wuce. Amma tunda ana tone-tone, kun san foldar gaba ɗaya a kan akawun ɗin wa take? Na ɗan'uwanmu da ya tafi Amurka ne, shi ya buɗe ta. Mu duk baƙi ne a ciki.

Ɗan_Tech: Kai! Wannan ya fi komai. Google sun ce akawun ɗin da ya shekara biyu ba a shiga ba suna iya share shi da duk abin da ke ciki. In ya daina amfani da wannan imel ɗin wata rana za mu tashi mu ga an yi mana gogewar da muke ta gardama a kai, har da ta wankan gawa da ta koronar Hajiya. A neme shi ya mayar da mallakar kan akawun na ƙungiya, kalmar sirri a hannun mutum biyu ko uku.

Abu_Suame: yana nan lafiya, jiya ma ya sa hoto cikin dusar ƙanƙara. saƙo ne dai ba ya amsawa, yana zaton kuɗi za a roƙa

Ummu_Khadija: Duk kuna maganar rubutu, ni murya ce ta dame ni. Iyayenmu da yawa ba boko suke karantawa ba, odiyo suke saurara. Wanda aka naɗa a farkon 2022 ana cewa "ƙarshen watan Maris za a rufe layin duk wanda bai yi rajista ba", ba a faɗi shekara ba, to duk shekara in Maris ya kama sai ya farfaɗo ya zaga guruf-guruf na WhatsApp, bana ma surukata ta tashe ni da shi da asuba hankalinta a tashe. Wannan a wace folda za ku kulle shi? Ni dai daga yau duk mai naɗa murya ya fara da ranar da shekarar, ya kuma ce in wata uku ya wuce kar a yi aiki da ita sai an tambaya.

Ɗan_Tech: Haka PDF ma. Da ya sauka a wayar mutum ya fita hannunmu. A riƙa tura linki, in mun gyara a nan kowa ya ga gyaran.

MaiMomo_Alabar: linki yana cin data, kuma in netwok ya yi halinsa ba ya buɗewa. mutane za su ɗauki hotonsa ne su ajiye, ka dawo inda ka baro

Ɗan_Tech: To kwanan watan ya zauna a sama da manyan baƙi yadda ko hoto aka ɗauka zai fito a ciki. Iyakar abin da za mu iya kenan.

Sakatare_Aboabo: To na janye maganar 2023. Amma har yanzu ban gamsu da ajiye guda uku na fasfo ba ko a cikin akwatin Hajiya ne, ɗaya ta isa tarihi. Ranar Lahadi bayan la'asar duk mai hali ya zo da wayarsa mu bi su, wadda ta samu uba ta zauna. Abu ɗaya ne ban gane ba har yanzu, kawu ba ya shiga Drive, wayarsa ma mai tocila ce. A ina ya samu bugaggiya?

MaiFotokwafi_AkwatiaLine: Toh. Tun ɗazu nake ta addu'a kar a zo nan. Sakatare a wurina ya saya. Na sauke su ne tun 2019 a kwamfutar shago, duk wanda ya zo tambayar fasfo ko inshora sai in buga masa, ban taɓa komawa na ga ko an canza ba, ni ina ganin taimako nake. Kuma ba ni kaɗai ba, na tura wa wani abokin sana'a a Aboabo da wani a Moshie Zongo. A gaya wa Baba ya zo ya karɓi kuɗin takardarsa.

Abu_Suame: hahaha ashe ɓarawon yana cikin masu cigiya

MaiFotokwafi_AkwatiaLine: Yaya Abu bar ni da abin da ya dame ni, akwai kusan arba'in da na riga na buga suna kan kanta, takarda kuma kun san tsadarta yanzu. Wa zai biya ni?

Mma_MaiKoko: kawo min su in naɗe ƙosai, zan ba ka koko na sati

Nas_Tafo: Mma dan Allah a'a. Mutum zai cinye ƙosai ya warware takarda ya karanta sidi 100, gobe mu gan shi a layi. In ta zazzaɓin nan tana cikinsu kuma, Mai Fotokwafi ina tashi aiki ƙarfe biyu zan biyo in karɓa da hannuna.

MaiFotokwafi_AkwatiaLine: tana ciki Anti. guda shida